GIGIN TSUFA: ABUBUWAN DA KE TAYAR DA HANKALIN MAI CIWON MANTUWA

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai, likita, ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu





Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni ne zan yi jawabi a bana, ya nemi in yi magana a kan hawan jini ko ciwon sukari, tun da su ne suka fi damun tsaranmu. Sai na roƙe shi ya bar ni in taɓo wani abu dabam, wanda yake cikin gidajenmu da yawa amma muke jin nauyin faɗarsa, wato gigin tsufa. Dalilaina biyu ne. Na ɗaya, mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta yi shekara shida da wannan ciwo a hannuna. Na biyu, in kun dubi kujerun gaba za ku ga babu wani malaminmu wanda a da bai taɓa fashin wannan taro ba. Yau shekara uku ke nan bai zo ba, alhali yana nan da ransa. Ba sai na ambaci sunansa ba, na san kun gane shi, kuma sai da na nemi iznin iyalinsa kafin in kawo zancensa nan.

Bari in fara da bayanin ciwon a taƙaice. Abin da muke kira gigin tsufa, likitoci na ce masa dimenshiya. Ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali, har mutum ya kasa riƙe abin da ya faru ɗazu, ya kasa lissafi, ya ɓata a hanyar da ya saba bi, daga baya ma ya kasa gane 'ya'yan cikinsa. Tsufa kawai ba ya kawo haka, domin duk mun san dattawa masu shekara casa'in da hankalinsu garau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ne ke ɗauke da wannan ciwo, fiye da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashen da ba su da ƙarfin arziki irin namu, kuma kowace shekara ana samun ƙarin kusan miliyan 10. Iri-iri ne. Wanda ya fi yawa shi ne cutar Alzaima, wadda ta ɗauki kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Akwai kuma wanda toshewar hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa ke kawowa, shi kuwa ɗan uwan hawan jini ne da shanyewar ɓarin jiki.

Sunan Alzaima na wani likita ne Bajamushe, Alois Alzaima, wanda a 1901 ya fara duba wata mata mai shekara 51 a birnin Frankfurt, ya kuma gabatar da bayaninta ga likitoci a 1906 bayan ta rasu. Abin lura a nan shi ne, bayan mantuwa ya ba da labarin yadda take zargin mijinta, da ɓoye kayan gida, da kururuwa don tana jin kamar za a kashe ta. Wato tun daga mace ta farko da aka rubuta labarinta, tashin hankali yana tafe tare da mantuwa. Kuma duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo zai gaya muku cewa mantuwar mai sauƙi ce a kan kuka, da faɗa, da tsoro, da hana barci.

To, me ke kawo wannan tashin hankali? Mu dai abin da muka saba faɗa shi ne, "Ai gigi ne, a ƙyale ta." Ni ma haka na riƙa faɗa, ina likita. Amma Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan shi ne gundarin maganata a yau.

Kafin in jero dalilan, akwai abu guda da nake so kowa ya tafi da shi gida. Sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon labari shi ne yake fara lalacewa a cutar Alzaima, amma jin daɗi da ɓacin rai da tsoro suna daɗewa ba su tafi ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Ayowa ta Amurka sun nuna wa masu wannan cuta su 17 yankunan fina-finai na ban tausayi da na ban dariya. Jim kaɗan bayan an gama, wasunsu ba su iya tuna komai daga abin da suka kalla ba, amma baƙin cikin ko farin cikin ya zauna musu har wajen rabin sa'a. Ma'ana, in ka daka wa tsohuwa tsawa da hantsi, za ta manta da tsawar, ta manta da wanda ya yi ta, amma zuciyarta na iya ci gaba da suya ba ta san dalili ba. Mu da muke da lafiya mukan ce, wane ne ya ɓata mini rai, gobe zai ba ni haƙuri. Ita kuwa ba ta da wannan mafita.

Dalili na farko shi ne ruɗewar da ciwon kansa ke jefa mutum a ciki. 'Yan uwa, ku tuna daren farko da aka kawo mu wannan makaranta, muna 'yan shekara goma sha biyu ko sha uku, kowa da akwatinsa na ƙarfe. Aka kashe fitila a ɗakin kwana, ba ka san na kusa da kai ba, ba ka san inda makewayi yake ba, ba ka san abin da ƙararrawa ke nufi ba. Da yawanmu mun yi kuka a ɓoye, ko da yake yau ba mai yarda. Mu kwana uku muka yi muka saba. Mai gigin tsufa kullum a daren farko yake. Daga nan ne zargi ke tasowa. Mahaifiyata takan ƙulle kuɗinta a bakin zane, ta kwance ta tura ƙarƙashin katifa, ta manta. In ta laluba ba ta ji su ba, tun da ba ta tuna ta ɓoye ba, abin da ya rage wa hankalinta shi ne an sace. Wa ke shiga ɗakin? Matata, wadda ke yi mata wanka da abinci. Haka aka riƙa kiran baiwar Allah ɓarauniya a gaban baƙi. Sai daga baya muka gane cewa rantsuwa da gardama ƙara wutar suke yi. Abin da ya yi amfani shi ne a ce, "Inna, zo mu duba tare," a kuma san wuraren ɓuyarta.

Dalili na biyu shi ne ciwon jiki wanda ba a iya faɗa. Tsoho na iya fama da ciwon haƙori, ko ciwon gaɓoɓi, ko taurin bayan gida, ko fitsari ya taru ya ƙi fita, ko gyambon kwanciya, ko ƙishirwa a lokacin bazara, amma kalmar da zai faɗa ta ɓace masa. Sai ya doke hannun mai ɗaga shi, mu kuwa mu ce faɗa ya ƙaru. A 2011 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi na ƙasar Norwe a kan mutum 352 masu wannan ciwo da yawan tashin hankali. An riƙa ba wani kashi nasu maganin rage zogi a kan tsari har mako takwas, yawancinsu farasitamol ne kawai, sai tashin hankalinsu ya ragu da kimanin kashi 17 cikin 100 a kan na sauran. Ba ina cewa kowa ya je ya ɗura wa tsohonsa magani ba ne. Ina cewa labarin zuciya a tambayi fuska: a lura da yamutsa fuska, da nishi, da inda yake kai hannu, da ƙin abinci. Kuma ku riƙe wannan ƙa'ida: in ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, to yawanci wani ciwo ne ya shigo, kamar zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon mafitsara, ko ciwon huhu, ko wani sabon magani da bai karɓe shi ba. Wannan na asibiti ne a ranar, kuma sau da yawa yana warkewa.

Dalili na uku shi ne raunin ido da kunne. Wanda ƙwaƙwalwarsa ke wahalar fassara abin da ke kewaye da shi, in aka haɗa masa da yanar ido da rashin ji, to an rufe masa tagogi biyu. Rigar da aka rataya a ƙusa sai ta zama mutum a tsaye. Ya dubi madubi ya ga wani baƙon tsoho a ɗakinsa. A yi harbe-harbe a talabijin ya zaci a tsakar gida ne. Ya ga ana motsa baki ana dariya bai ji abin da ake faɗa ba, ya ce da shi ake. Akwai ma wani irin gigin tsufa wanda gane-gane ke cikin alamominsa na farko, mutum ya riƙa ganin yara ko dabbobi a ɗaki. Aikin yanar ido, ko tabarau, ko wanke kunne, ko na'urar ƙara ji, ƙananan abubuwa ne da kan kawo sauƙi mai yawa.

Dalili na huɗu shi ne canjin wuri da hayaniya, kuma a nan ne na yi babban kuskurena. Da na ga mantuwa ta fara yi wa Inna yawa, sai na ɗauko ta daga ƙauye, daga ɗakin da ta shekara hamsin a ciki, na kawo ta birni na sa ta a ɗaki mai tayil da fanka da makewayi na zamani. A ganina gata na yi mata. Ashe a can ƙafarta ce ta san hanya ko da kanta ya manta: ga randa, ga murhu, ga turken akuya, ga muryar maƙwabciya ta bayan danga. A gidana ba ta san ko ƙofar fita ba. Kullum da la'asar sakaliya sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa tana cewa a kai ta gida, yara na jiran tuwo. Wannan tashin hankali na gab da magariba sananne ne ga masu wannan ciwo: gajiyar yini ta taru, haske ya ragu, inuwa ta yi yawa, kuma lokaci ne da jikinta ya saba da aikin gida. A ƙara da ɗaukewar wuta da rurin janareto. Haka nan taron suna ko biki, inda mutum talatin za su shigo kowa na gaisuwa lokaci guda, mu muna ganin zumunci, ita kuwa kasuwa ce ta faɗo mata a ka. Da zan sake, da sai in gyara mata ɗakinta na ƙauye in kai mata mai kula da ita, ko kuwa in kwaso gadonta da jerenta da tabarmarta in shirya su yadda ta saba.

Dalili na biyar, jama'a, mu ne da bakinmu. Wani malamin Jami'ar Bradford ta Ingila, Tom Kitwood, ya fitar da littafi a 1997 inda ya nuna cewa wani kaso mai yawa na wahalar mai wannan ciwo daga mu'amalar mutanen da ke kewaye da shi take fitowa, ko da kuwa da kyakkyawar niyya suke yi. Ku duba yadda muke shiga wurinsu: "Baba, ka gane ni? To wane ne ni? Faɗi sunana!" Wannan jarrabawa ce, kuma duk wanda ya zauna a ajin nan ya san zafin a tashe ka a gaban jama'a ba ka da amsa. Ko mu riƙa yi musu gyara: "Ai yanzu kika ci abinci!" "Sau nawa zan gaya miki?" Ko mu zauna a gabansu muna ba baƙo labarin yadda suka ɓata shimfiɗa, sai ka ce ba sa wurin. Ko a tuɓe dattijuwa don wanka ba sallama ba bayani, mace mai kunya wadda ko sunan ɗanta na fari ba ta taɓa faɗa ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne wannan. Inna takan tambaye ni ina Malam, wato mahaifina, wanda ya rasu shekaru da dama kafin nan. Ni kuwa, don kada in yi mata ƙarya, sai in ce, "Inna, ai Malam ya rasu." Sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka, ta ce don me ba a gaya mata ba. A wurinta yanzu ne aka yi rasuwar. Bayan sa'a guda ta manta da maganar, amma ta wuni cikin makoki. Na yi mata haka ya fi a ƙirga kafin wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta ce, "Likita, sau nawa za ka sa ta takaba?" Daga ranar, in ta tambaya sai in ce, "Inna, kina kewarsa ko? Ba ni labarin ranar da aka kawo ki gidansa." Sai fuskarta ta washe ta kama labari. Ban yi ƙarya ba, kuma na amsa abin da take nema, wato ta ji tana tare da nata.

Dalili na shida shi ne raba mutum da aikinsa da girmansa. A nan zan koma kan malaminmu. Kun san shi, mutumin da yake kiran sunayen aji guda da ka ba tare da ya buɗe rajista ba. Iyalinsa sun gaya mini cewa kullum da sassafe sai ya sa riga da hula ya ce ya makara, yara na jiransa a aji. Don tsoron kada ya ɓata, sai su kulle ƙofa, shi kuwa ya yi ta bugu yana faɗa har ya gaji. Rannan wata jikarsa ta miƙa masa littafinta na lissafi da jan biro ta ce, "Malam, a duba mini." Ya zauna ya fi sa'a guda yana dubawa, ya yi mata faɗan rashin ja layi da rula, ranar kuwa lafiya aka wuni. Yanzu kullum akwai littattafai a kan teburinsa. Wanda ya shekara talatin da biyar ana bukatarsa, ba ya daina son a bukace shi don ya yi mantuwa. Inna ma ta fi samun natsuwa ranar da aka ba ta tsintar shinkafa ko ɓarar gyaɗa, ko da za a sake aikin a bayanta. Haka kuma abin da aka haddace tun ƙuruciya, kamar karatu da addu'o'i da waƙoƙin dā, yakan daɗe bai goge ba, kuma yana kwantar musu da hankali ƙwarai.

Dalili na bakwai shi ne sunan da muke ba ciwon. Wani gida a ce hauka ne, wani a ce aljanu, wani a ce sammu. Mafi muni, tsohuwa ta fita da dare ta ɓata, a tsince ta a ƙofar gidan wani tana sambatu, a ce mayya ce. Saboda gudun abin faɗa sai a ɓoye mutum a ƙuryar ɗaki, a hana shi baƙi, wani ma a ɗaure shi, ko a aika kemis a sayo maganin barci. Ina gargaɗinku a kan wannan. Tun a 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi kashedi cewa wasu magungunan taɓin hankali suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu wannan ciwo, a 2008 kuma ta faɗaɗa kashedin ya haɗa da tsofaffin magungunan irin wannan. Akwai lokacin da ake bukatarsu, amma likita ne zai yanke, bayan an bincika sauran dalilan da na lissafa. Kaɗaici kuwa da kansa ciwo ne, kuma da yawa daga cikinsu suna da ciwon damuwa a kan gigin, wanda shi ana iya maganinsa.

Ba zan rufe wannan jeri ba sai na ambaci mai jinya. Yawanci mace guda ce ake bar wa aikin, mata ko 'ya ko suruka, ba barci ba hutu, mu maza sai mu aiko da kuɗi mu ce mun yi. In ta gaji muryarta za ta canza, hannunta zai yi nauyi, shi kuwa majinyacin ko bai fahimci magana ba yana karanta fuska da murya. Duk wanda ke son hankalin tsohonsa ya kwanta, to ya karɓi mai jinya ko da yini ɗaya ne a mako.

Saboda haka, in tsohonka ya rikice, kafin ka ce gigi ne ka tambayi kanka: akwai inda ke masa ciwo? Ya ci, ya sha, ya kewaya? Yana gani, yana ji? Me aka canza a gidan? Me aka faɗa masa ɗazu, kuma da wace murya? Me yake yi tun safe? Sa'an nan a kai shi asibiti tun da wuri, domin akwai masu kama da gigin tsufa da ake warkarwa, kamar ƙarancin sinadarin B12 da ciwon damuwa. Akwai ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, da kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Har yanzu ba a sami maganin da ke warkar da cutar Alzaima ba, amma yawancin abubuwan nan da na lissafa suna da gyara, kuma gyaran a hannunmu yake. Mu kanmu kuma, da furfura ta game mana kai, mu kula da hawan jini da sukari da taba da lafiyar kunne, don suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin kamuwa. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Daga ƙarshe, ina da roƙo ga wannan ƙungiya. Na tambayi wasu daga cikinmu dalilin da ya sa suka daina zuwa gaishe da Malam, suka ce ai ba ya gane kowa, zuwan ba shi da amfani. Na je wurinsa watan jiya. Na durƙusa na ce, "Malam, ɗalibinka ne, wanda ka kora waje saboda barci a aji." Bai san sunana ba, amma ya yi dariya ya ce in zauna, muka yi hirar filin ƙwallo da ɗakin cin abinci. Da dare ɗansa ya kira ni ya ce Malam ya manta an yi baƙo, amma ya ci tuwonsa tas, ya kwana lafiya. Don haka ina ba da shawara shugabanni su tsara mana zuwa, mutum biyu-biyu, da hantsi, kowane mako, ba a taru a cika masa ɗaki ba. In kun je ku faɗi ko ku su wane ne, kada ku tambaye shi. Ku zauna daidai da shi, ku yi magana a hankali, ku tafi masa da tsohon hoton makaranta in kuna da shi, ku kuma tambayi Hajiya abin da take bukata. A faɗaɗa wannan tsari ga duk wani malami ko ɗan uwa da ke cikin irin wannan hali. Zumunta dai a ƙafa take.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ya sa mu gama da hankalinmu.